Ra'ayi Riga

Hausawa sun ce ra'ayi riga ne, kowa da irin tasa. Babu inda maganar nan ta zauna daram kamar a ɗakunan kwananmu na ɗalibai, musamman da dare in an ɗauke wuta, karatu ya gagara, zafi kuma ya hana barci. A da, in ji yayyenmu da suka riga mu shigowa jami'a, hirar irin wannan lokaci ba ta wuce siyasa da ƙwallo da zancen aure. To, waɗannan har yanzu suna nan, amma fa sun sami kishiya, watau gardamar kayan zamani. Wannan ya ce abin buga wasan bidiyo na kamfani kaza ya fi daɗin riƙo, wancan ya ce duk wanda bai fara koyon kwamfuta da harshe kaza ba ya yi asarar lokacinsa, na can kan gado kuma ya rantse firjin kamfani kaza ya fi kowanne ƙarko, alhali kuwa ko ƙwan fitila bai taɓa saya wa gidansu ba.

Na daɗe ina sauraron irin wannan gardama, nakan kuma sa baki. Abin da na lura shi ne kullum tambayar guda ce: wanne ya fi? Ni kuwa a ganina wannan rabin tambaya ce. Sauran rabin shi ne: ya fi wa wa, a wane gari, don wane aiki? Yawancin amsoshin da muke fafatawa a kansu aro muka yi daga bakin mutanen da muke kallo a wayoyinmu, waɗanda suke zaune a ƙasashen da ba a cika ɗauke wuta ba, ƙurar hunturu kuma ba ta sauka a kan kayansu. Ba ƙarya suke yi ba, gaskiyar wurinsu suke faɗi. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ni in kawo misalai uku, biyu daga gida, ɗaya daga nan makaranta.

Bari in fara da abin nan da ake riƙewa hannu bibbiyu ana sarrafa wasan bidiyo, wanda samari suke kira fad. Shi ma yana da tarihinsa. Na'urar wasa ta kamfanin Atari da ta fito a Amurka a 1977 sanda ɗaya gare ta da maɓalli ɗaya, ke nan. A 1983 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da tasa mai ɗan faifai da maɓalli mai kusurwa huɗu, wanda babban yatsa kaɗai ya isa ya juya shi. A 1997 kuma Sony ya kawo DualShock mai 'yan sanduna biyu, wanda yake karkarwa a hannun mutum in an yi karo a cikin wasa. Daga nan siffar ta zauna kusan yadda muka san ta. Gardamar da ta rage wa abokaina ita ce ko na PlayStation ya fi, mai sanduna biyu a jere, ko na Xbox, wanda sandarsa ta hagu ta ɗan hau sama. Sa'an nan ko mai igiya ya fi, ko marar igiya. A ɗakinmu hukunci ya daɗe da faɗuwa: mai igiya kayan ƙauye ne.

Yayana yana da ɗan shagon wasa a unguwarmu, talabijin huɗu da benci biyu, inda yara suke biya su buga ƙwallo bayan an tashi daga Islamiyya. Da wannan shago yake ciyar da iyalinsa, da shi kuma yakan tallafa mini. Wani hutu na kai masa hukuncin ɗakinmu. Sai ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, zauna ka ji. Marar igiya sai an yi masa caji, ni kuwa wutar da nake samu ba ta ishi talabijin ba balle shi. In batirinsa ya mutu ana tsakiyar wasa, yaron da ake ci zai ce ba ya biya, rigima ta tashi ke nan. Sa'an nan abin da ba shi da igiya yana da ƙafa, yana iya bin wani cikin aljihu ya tafi." Na ce, "To Yaya, ai aƙalla ka sayi na asali." Ya ce, "Ni tambayata ga ɗan kasuwa ɗaya ce: in ya lalace, akwai kayan gyaransa a garin nan?"

Lalacewar da yake nufi duk mai buga wasa ya san ta. Sai ka ga ɗan wasanka yana tafiya shi kaɗai, ba ka taɓa kome ba. Dalili shi ne a ƙarƙashin kowace sanda akwai wani ɗan ƙarfe da yake gogar wata siririyar hanya ta baƙin sinadari, ta haka na'urar take gane inda ka karkata. Yau da gobe gugar nan tana cinye hanyar, in kuma ƙura ta shiga sai abin ya daɗa sauri. Wannan ciwo bai bar manya ba. A 2019 an kai kamfanin Nintendo ƙara a Amurka saboda shi, a 2020 kuma shugaban kamfanin ya ba masu saye haƙuri a bainar jama'a. To, in haka ta faru a ɗakunan da ake rufewa ruf, ina ga shagon da ƙofarsa take kallon titi a watan Janairu, hannun yara talatin kuma yana bi ta kan abin kowace rana? Akwai wata dabarar da ake auna motsin sanda da mayen ƙarfe, ba tare da wani abu ya gogi wani ba, bisa abin da wani masani ɗan Amurka, Edwin Hall, ya gano tun 1879. Kamfanin Sega ya yi aiki da ita a na'urarsa ta Dreamcast a 1998, yanzu kuma masu gyara suna iya sa irinta a madadin tsohuwar. Wannan shi ne labarin da ya amfani Yaya, ba labarin wanda ya fi kyau a hoto ba. Haka kuma a 2018 kamfanin Microsoft ya fito da wani faffaɗan abin wasa mai manyan maɓallai domin naƙasassu, waɗanda ba sa iya riƙe irin namu. In ka tambayi mai shanyayyen hannu wanne ya fi, amsarsa ba za ta zo daidai da ta ɗakinmu ba, kuma shi ne mai gaskiya a kan kansa.

Misali na biyu daga cikin gida yake. Innarmu tana sayar da zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, saboda haka firji a wurinta jari ne, ba ado ba. Ba ta san sunan kamfani ko ɗaya ba, amma sa'ad da za a saya mata, sharaɗinta guda ne: a kawo mai murfi a sama, irin na akwati, kada a kawo mai ƙofa a tsaye. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Mai ƙofar nan kana buɗe shi sanyin yake zubowa a ƙafarka. Wannan kuwa ko an ɗauke wuta tun safe, da la'asar ƙanƙarata tana nan." Daga baya wani abokina ɗan sashen kimiyya ya gaya mini ai iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka takan kwanta a ƙasan akwatin kamar ruwa a randa. Abin da ya koya a aji, ita ta koye shi da asarar zoɓo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma abin da ɗaliban da ke gardamar kamfanoni ba su taɓa dubawa ba. A jikin firji akwai 'yar takarda da aka rubuta irin zafin da aka ƙera shi ya jure. In ka ga harafin N, to iyakarsa digiri 32. In ST ne, 38. In T ne, 43. A Kano ko Sakkwato kuwa zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40. Watau firjin gwanjo da aka ƙera domin sanyin Turai, kome sunan kamfaninsa, zai yi ta gurnani dare da rana bai huta ba, har injinsa ya gaji. Haka nan wutar gida a Nijeriya da Nijar ta kusan ninka ta Amurka ƙarfi, tamu wajen bolt 230, tasu 120, shi ya sa tsarabar da wani ya kawo daga can takan yi hayaƙi ranar farko in ba a haɗa ta da abin rage ƙarfin wuta ba. Dutsen guga na lantarki kuma yakan ja wat 1,000 ko fiye, abin da ya fi ƙarfin ƙaramin janareton nan na unguwa. Saboda haka mai wanki da guga da ya riƙe dutsensa na gawayi ba jahilci ne ya hana shi canji ba, lissafi ya yi.

A nan ne nakan tuna da marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa. Shi bai tsaya tambayar wane firji ya fi ba, domin ƙauyukan da yake tunani ba su da wuta sam. Sai ya ɗauki hikimar da kakanninmu suka sani ta randa, ya gyara ta: tukunyar ƙasa ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yake bushewa sai ya tafi da zafin, kayan miyan da ke lalacewa cikin 'yan kwanaki su ɗauki lokaci mai tsawo. Ya yaɗa ta a ƙauyuka, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Tukunyar nan ba ta yin ƙanƙara, ba ta kuma aiki sosai a wuri mai laima. Amma a busasshiyar ƙasa marar lantarki, ga matar da tumatirinta ke ruɓewa kafin ranar kasuwa, babu firjin da ya kama ƙafarta.

To, yanzu in zo kan misali na uku, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, watau gardamar harshen da ya kamata ɗan koyo ya fara da shi in yana son ya iya ba kwamfuta umurni. A nan ƙungiyoyi uku ne a makarantarmu. Akwai 'yan C, harshen da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1972. Su suna cewa wanda bai sha wuyarsa ba bai san yadda cikin na'ura yake ba, kuma akwai gaskiya a maganarsu ga wanda zai zama injiniya. Akwai 'yan JavaScript, wanda Brendan Eich ya yi a 1995, masu cewa da shi ake raya shafukan intanet, ga shi kuma ba sai ka sa wata sabuwar manhaja ba, abin da kake buɗe intanet da shi ya isa. Sa'an nan ga 'yan Python, wanda Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fitar a 1991. Sunan ma ba daga mesa ya samo shi ba kamar yadda ake zato, daga wasu 'yan wasan barkwanci na Ingila ne. Su hujjarsu ita ce rubutunsa gajere ne, yana karantuwa kamar magana.

Na san ɗalibin da ya shafe zangon karatu guda yana yawo tsakanin ƙungiyoyin nan uku yana tambaya, har aka yi jarrabawa bai rubuta layi ɗaya ba. Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne ginshiƙan duka harsunan nan ɗaya ne, kuma ba su da yawa: ka ajiye abu ka ba shi suna, ka gindaya sharaɗi, in kaza ya faru a yi kaza, ka sa a maimaita aiki har sai ya ƙare, ka ɗaure 'yan umurnai wuri guda don ka riƙa kiransu da suna ɗaya. Wanda ya gane waɗannan a harshe guda, ƙaura zuwa wani ba ta fi ƙaurar Bakano zuwa Katsinanci wuya da yawa ba. Turancin da ake tsorata mu da shi kuwa, keɓaɓɓun kalmomin Python gaba ɗaya ba su kai 40 ba.

Ya kamata kuma mu 'yan sashen harsuna mu san cewa tun asali ba don 'yan lissafi kaɗai aka yi abin nan ba. A 1964 malamai biyu a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka ƙirƙiro harshen BASIC musamman domin ɗaliban da ba kimiyya suke karantawa ba, watau irinmu. A 2007 kuma jami'ar MIT ta fitar da Scratch domin yara, inda ake jera umurni kamar tubala ba tare da an rubuta su ba. Ashe shekaru 60 ke nan ana buɗe mana ƙofa, mu ne muke tsaye a zaure muna cewa gidan ba namu ba ne.

Ni dai aiki ne ya zaɓar mini harshe. Malaminmu ya ba mu aikin tattara kalmomin sana'o'in gargajiya, ni na ɗauki rini da jima. Na tara kalmomi wajen 600 daga bakin masu sana'ar, ana kuma so a jera su bisa tsarin abacada kamar ƙamus. Wani abokina ɗan sashen kwamfuta ya nuna mini yadda ake sa Python ya jera kalmomi da layi biyu kacal. Muka gwada da 'yan kalmomi bakwai, ga abin da ya fito: baƙo, doki, kaza, zomo, ƙasa, ɓarawo, ɗaki. Abokina ya ce ai ya jeru. Na ce a'a, a ƙamus na Hausa ɓarawo ba ya zuwa bayan zomo.

Da muka bincika sai muka ga dalili. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin ASCII da Amurkawa suka fara a 1963 gurabe 128 ne kawai, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Sai da tsarin Unicode ya zo a 1991 haruffanmu masu lanƙwasa suka sami mazauni, amma can nesa da 'yan'uwansu. Ƙaramin a lambarsa 97, z kuma 122, alhali ƙ tana 409, ɓ tana 595, ɗ tana 599. Saboda haka in an bar na'ura da halinta, sai ta kora su bayan z kamar baƙin da suka zo biki a makare. Kalma irin 'ya'ya kuwa, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa da ƴ, takan faɗa can gaba ko can baya gwargwadon irin waƙafin saman da aka buga.

Gyaran bai kai layi 20 ba. Muka rubuta wa kwamfutar abacadar Hausa, muka ce mata bayan b sai ɓ, bayan d sai ɗ, bayan k sai ƙ, ta kuwa bi. Amma da muka iso kan sh da ts sai abokina ya ɗaga hannu daga kan na'ura ya dube ni ya ce, "Malam, waɗannan harafi ɗaya-ɗaya ne ko bibbiyu?" Nan na gane wani abu. Wannan tambaya ba a sashensu amsarta take ba, a namu take. Shi ya iya ba da umurni, amma bai san umurnin da ya dace da Hausa ba. Ni na san wannan, amma da ban zauna kusa da shi ba, da ba wanda zai tambaye ni. Kuma dalilin da ya sa Python ya dace da ni ba don ya fi C daraja ba ne. Dalili shi ne tun fitowar Python 3 a 2008 yana karɓar haruffan Unicode kai tsaye, har kana iya raɗa wa abin da ka ajiye suna da ƙ ko ɗ bai yi maka gardama ba. Ga mai aiki da kalmomi wannan babban abu ne. Ga mai son ƙera abin kunna famfo da sola wataƙila ba kome ba ne.

'Yan'uwana ɗalibai, ga abin da yake damuna. Kowace rana dubban Hausawa suna rubutu a waya ba tare da lanƙwasa ba, har ido ya fara sabawa. Baki da baƙi sun zama ɗaya, kafa da ƙafa sun zama ɗaya, bari da ɓari sun zama ɗaya. Ba don haruffan babu ba ne, akwai allon rubutu na Hausa da ake iya sa wa waya, amma mutum nawa ne a cikinmu, mu da muke karanta Hausa a jami'a, suka sa shi? Na'urorin fassara da na gyaran rubutu kuwa daga abin da muka rubuta suke koyo. In mun ba su gurguwar Hausa, ita za su mayar wa ƙannenmu, da tambarin zamani a kanta. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934 bayan shekaru yana tattara kalmomi, babu kwamfuta ko ɗaya a hannunsa. Mu da muke yawo da ita a aljihu, me za mu ce mun ajiye?

Don haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku, ba kuwa masu tsada ba ne. Na farko, duk takardar da za ta fito da sunan ƙungiya, ko sanarwa ce a waya, a rubuta ta da cikakkun haruffa. Na biyu, mu nemi 'yan'uwanmu na sashen kwamfuta mu riƙa zama da su ko sau ɗaya a mako, su koya mana ginshiƙan nan huɗu, mu kuma mu kawo musu aikin gaske: jera kalmomi, ƙirga karin magana, tsara waƙoƙin da aka tattara bisa amsa-amo. Na uku, malamanmu, Allah Ya ƙara muku basira, a duba yiwuwar karɓar irin wannan aiki a matsayin kundin kammala digiri, domin shi ma nazarin harshe ne.

Ban ce a daina gardama ba, ai da ita dare yake wucewa in babu wuta. Abin da nake roƙo shi ne in wani ya ce kaza ya fi, a tambaye shi a ina ya gwada, da wane aiki. In ya ce a waya ya gani, a saurare shi da ladabi, sa'an nan a je a tambayi mai shago, da mai zoɓo, da mai gyara a bakin kasuwa. Gani ya kori ji. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya ɗaukaka harshen Hausa da masu yi masa hidima, amin.